Daga mazari zuwa kwarashi: ina zarenmu ya tafi?

1/
Jama'a, jakar saƙa ta zama yayi. 'Yan makaranta, amare, masu zuwa Islamiyya, kowa da tata a kafaɗa, mai ƙulli-ƙulli, mai tudu-tudu, wata har da ratsi. 'Yan mata da yawa a Funtua da Malumfashi har nan Gozaki sun kama kwarashi suna samun na kashewa. Yau ina so mu bi tarihin wannan jaka. Ku gyara zama, maganar da ɗan tsawo.

2/
Mu fara da tambaya ɗaya: zaren da ake saƙa ta da shi daga ina yake? Wanda muke kira ulu ɗin nan, yawancinsa bai taɓa jikin tunkiya ba. Zaren roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa. Wani daga Sin yake zuwa, wani daga Turkiyya, wani a Kudu ake naɗe shi. Babu audugarmu ko ƙwaya ɗaya a ciki.

3/
Abin da ya sa wannan yake damuna shi ne inda muke zaune. Gozaki, da ke ƙaramar hukumar Ƙafur a yau, tsohon gari ne, yana cikin manyan garuruwan kudancin ƙasar Katsina tun kafin jihadin 1804. Wanda ya karanta littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, na 1981, zai ci karo da sunan Gozaki da Maska. Ƙasar auduga ce, ƙasar masaƙa.

4/
Dalilin a fili yake. Ruwan sama ya fi yawa a nan kudu fiye da wajen birnin Katsina da Daura, damina ta fi tsawo, ƙasar kuma tana riƙe laima. Abin da auduga take so ke nan. Mutanenmu kaɗa suke ce mata. Manomi yakan shuka ta bayan ya gama da hatsi, ya tsince ta da kaka zuwa lokacin sanyi.

5/
Daga gona sai cikin gida, kuma a nan aikin mata yake farawa. Da farko gurza: a ɗora auduga a kan magurji, a murza ta da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Sai shiɓa da ɗan baka, ta yi laushi ta tashi. Sannan kaɗi: mazari a hannun dama, auduga a hagu, ga alli ana dangwala don kada yatsa ya yi santsi.

6/
Kaɗi fa ba wasa ba ne. Akwai zare siriri mai ƙarfi da ake yin tsaye da shi, akwai abawa mai kauri ta kwance. Mace tana cikin gidanta, ba ta taka kasuwa ba, amma ranar kasuwa yaro zai kai zarenta ya dawo mata da kuɗi. Da su take zubin adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Mazari shi ne asusun kakanninmu mata.

7/
Daga hannunta sai masaƙi. Maza suna saƙa sawaye sirara a masaƙar zaune, ƙoshiya tana kai da kawowa, daga baya a harhaɗa su su zama riga ko zane. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye mai faɗi, da ita suke yin zane da majanyi. Sai marina ta rina da baba, mabuga su buge shi ya yi sheƙi.

8/
Ku ƙirga hannayen: manomi, mai gurza, mai kaɗi, masaƙi, marini, mai bugu, maɗinki, dillali, fatake. Auduga ɗaya, gida tara sun ci abinci, kuma yawancinsu a yanki ɗaya. Ku riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

9/
Kayan kuma ba a nan suke tsayawa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Buzaye rawaninsu daga Kura yake zuwa. A lokacin mu ne masu sayar wa duniya tufafi.

10/
Jaka fa? Ita ma muna da tamu tun da. Gafaka ta almajiri da malami, zabira ta wanzami, burgame, taiki na fatake, sanho na kaba. Shi kansa lefe da ake ta rigima a kansa yau, asalinsa sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan aure. Akwatuna daga baya suka zo, sunan ya tsaya.

11/
To yaya aka yi zaren ya kuɓuce mana? Sai mun leƙa Ingila. Masaƙun Lankasha da audugar Amurka suka dogara. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, injuna suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Turawa ba su manta da wannan ba.

12/
A 1902 'yan kasuwar Manchesta suka kafa ƙungiyar BCGA don a noma musu auduga a ƙasashen da suka mallaka. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Babban burinsu da wannan dogo shi ne ya kwaso auduga zuwa bakin teku.

13/
Sai lissafi ya ƙi. Masaƙanmu sun fi BCGA biyan kuɗi mai kyau, don haka manomi ya ci gaba da kai audugarsa kasuwar gida. Manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta. Asalin dalar gyaɗa ke nan. Wato a karon farko mazari da ƙoshiya sun kayar da injin Manchesta a kasuwa, ƙiri-ƙiri.

14/
Ba su haƙura ba. Suka kawo wani irin audugar Amurka mai suna Allen, mai dogon gashi wanda injinsu yake so, suka raba wa manoma ta hannun sarakuna da hakimai. Suka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922. Suka ware fuloti, suka sa ma'auni da masu tantance daraja. Ga haraji kuma, wanda sai da kuɗin Bature ake biya.

15/
A ƙarshen shekarun 1920 aka ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau har Ƙauran Namoda. Aka kafa injin gurza a Funtua, aka kafa a Malumfashi. Funtua da take ƙaramin wuri ta bunƙasa ta sha gaban Maska. Har yau akwai unguwa a Funtua da ake kira BCGA. Yara da yawa suna faɗar sunan ba su san ma'anarsa ba.

16/
Ku lura da abin da ya canja. Noman auduga ƙaruwa ma ya yi. Amma yanzu tana fita ne a ɗaure cikin dila, ta hau jirgi, a kaɗa ta a saƙa a Ingila, ta dawo mana a matsayin akoko da alawayyo da atamfa. A cikin gidaje taran nan, manomi aka bari da dillali. Mai kaɗi ce ta fara jin jiki, don zaren inji ya fi nata araha.

17/
A daidai wannan zamani kwarashi ya shigo. Shi ba namu ba ne, kuma bai tsufa sosai ba. A Turai ya yaɗu a farkon ƙarni na 19, sunan ma daga Faransanci yake, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya. Lokacin yunwar Ayalan ta 1845 zuwa 1852, mata da yawa da saƙar kwarashi suka ciyar da gidajensu.

18/
Ya iso mana ta hannun matan mishan da makarantun 'yan mata, irin waɗanda aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, ta Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Daga baya azuzuwan koyon aikin gida da cibiyoyin mata, har shirin Maryam Babangida na matan karkara na 1987, suka ƙara yaɗa shi. Hular jariri, safa, rigar sanyi, shimfiɗar kan kujera: duk mun tashi mun gan su.

19/
Bayan mulkin kai an yi yunƙurin dawo da aikin gida ta hanyar masana'anta. Tun 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, wasu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, Kakuri ta cika da ma'aikata. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta ƙasa, hedikwatarta a Funtua. Ita ma Funtua ta samu masaƙarta. Dattawanmu suna tuna layin motocin auduga a fuloti.

20/
Sai 1986, shirin SAP na gwamnatin Babangida. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Hukumar tana da nata laifin, don ta daɗe tana sayen auduga ƙasa da farashin duniya. Amma ita ce mai raba iri mai kyau, mai tabbatar da mai saye. Da ta tafi iri ya gauraye, daraja ta faɗi, manomi ya koma hannun 'yan kasuwa.

21/
Masaƙu kuma ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga faɗuwar naira, ga atamfar fasa-ƙwauri tana kwararowa ta iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ku shiga Kantin Kwari yau ku tambayi inda aka yi yawancin atamfar da ke rataye. Manomanmu su ma suka yi lissafi irin na kakanninsu: masara da waken suya sun fi ci, sai gonakin kaɗa suka ragu.

22/
A cikin wannan tsakanin leda ta cinye sanho da kwando. Yau ko tumatur na naira ɗari sai an ƙulla a leda. Ita ce a kwata tana toshe ruwa da damina, ita ce a gona, ita ce a tumbin akuya idan mahauci ya feɗe. Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017. Jakar da za a yi shekara ana zuwa cefane da ita tana da amfanin da ya wuce gayu.

23/
To ga inda tarihin ya haɗu da sana'arku, 'yan uwa masu kwarashi. Duk wadda ta saƙa jaka da ulu ta sani: a zuba littattafai biyu da gorar ruwa, hannun jakar ya miƙe, gindinta ya zazzago, bayan wanki uku ta fara tashin gashi. Zaren roba yana talewa. Zaren auduga ba ya yin haka sosai, yana riƙe siffa, yana jure wanki.

24/
Kuma shi wannan ƙulli-ƙullin da ake so, wanda ake samu idan an naɗa zare sau da yawa a rami ɗaya aka ja shi tare ya kumburo, ya fi fitowa ɓaro-ɓaro a zaren auduga mai murɗi. Wato jakar yayi tana neman irin zaren da kakanninmu suka ƙware a kai. Abawa mai kauri kamar don ita aka yi ta.

25/
Wani abin kuma: injin saƙar rigar sanyi ya daɗe a duniya, amma har yau ba a samu injin da yake yin saƙar kwarashi ta ainihi a masana'anta ba. Kowace jaka da kuka gani, wani ne ya zauna ya yi ta ƙulli bayan ƙulli. Don haka idan yarinya ta faɗi kuɗin jakarta, a daina cewa "haba, zare ne fa kawai". Kwana nawa ta yi a kai?

26/
Ban ce jakar saƙa za ta tayar da masaƙun Kaduna ba. Wannan maganar wuta ce da jari da tsaron iyaka, aikin gwamnati ne. Kuma zaren hannu ba zai yi gasar araha da na inji ba, abin da ya kashe shi ke nan tun farko. Sai dai jaka kayan ado ce. Mai sayenta a Abuja ko Legas yana biyan kuɗin aikin hannu da asali, kuma a nan zaren gida yake da ƙofar shiga.

27/
Abin da nake tsoro shi ne lokaci. Matan da suka iya gurza da shiɓa da kaɗi yawancinsu sun tsufa, kuma kusan ba wadda take koya daga wurinsu. Kwarashi kam ana iya koyonsa a YouTube cikin mako biyu. Yadda ake murza mazari zare ya fito daidai bai tsinke ba, wannan sai an zauna kusa da gwana.

28/
Shawarata ƙarama ce. Idan kina da kaka ko gwaggo da ta taɓa kaɗi, ki je ki gaishe ta, ki tambaye ta. Ki ɗauki bidiyo idan ta yarda. Ki sayi auduga ko mudu biyu a wurin manomi da kaka, ku gwada tare, ki biya ta kuɗin aikinta. Ki saƙa jaka ɗaya da wannan zaren, ki rubuta a jikinta garin da aka noma audugar.

29/
Samari ku ma akwai naku: neman masu rini da baba, ɗinka shafi da hannun fata a wurin dukawa, ɗaukar hoto, kai kaya tasha. Gidaje taran nan ba za su dawo gaba ɗaya ba, amma uku ko huɗu ma ba kaɗan ba ne.

30/
Wanda a gidansu har yanzu akwai mazari ko magurji ko tsohon gwado, ya ɗora mana hotonsa a ƙasa, ya faɗi garinsu da sunan da suke kiransa. Mutanen Maska, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ƙanƙara, ina jiran ku. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'ar hannu.