Kiɗan da ƙirji ke ji kafin kunne: tarihin kiɗan rawa mai ƙugi da abin da yake yi wa jiki

Akwai wani rukuni na kiɗan rawa na zamani wanda masoyansa ke cewa wanda ya saurare shi a waya bai ji komai ba, sai ya je inda ake kunna shi. Suna nufin irin su dub da jungle da dubstep, waɗanda aka gina bisa amo mai kauri, wato ƙugin nan na can ƙasa da masu harkar ke kira bes. A zauren da ake irin wannan casu, mutum kan ji ƙafar wandonsa na kaɗawa, ƙirjinsa na girgiza, tun kafin kunnensa ya tantance wace waƙa aka sa. Maganar tasu tana da tushe a kimiyyar sauti, tana kuma da tarihin da ya haura shekara 70.

Yadda jiki ke jin sauti

Sauti girgizar iska ne. Kunne mai lafiya yana kama girgizar da ta kama daga kimanin sau 20 a daƙiƙa guda zuwa sau 20,000. Gwargwadon ƙarancin adadin, gwargwadon kaurin amon. Ƙugin da ake magana a kansa yana ƙasa da sau 60 a daƙiƙa, kuma a nan ne fata da ƙashi ke shiga aikin da aka saba bar wa kunne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ko manyan ganguna a hawan sallah ya ɗanɗani wani ɓangare na abin.

Igiyar sauti mai girgiza sau 40 a daƙiƙa tana da tsawon kusan mita takwas da rabi. Kafin a samar da ita da ƙarfi sai an tura iska mai yawa, abin da ke buƙatar faffaɗar lasifika a cikin babban akwati. Lasifikar waya, wadda ba ta fi farce girma ba, ba ta da wannan ikon, sai ta zubar da kashin bayan waƙar ta bar wa mai saurare ƙwaramniyar sama. Shi ma bango yana tare sauti mai siriri, amma mai kauri yakan ratsa shi ya wuce. Dalilin ke nan da maƙwabcin gidan biki ba ya jin baitin waƙa, sai dai dum-dum ɗin da ke hana shi barci.

A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada suka gwada lamarin a kan 'yan rawa. Yayin wasan wasu makaɗa biyu da ake kira Orphx, sun riƙa kunna wasu lasifiku masu fitar da ƙugin da kunne ba ya tantancewa, suna kashewa, kowane minti biyu da rabi. Na'urorin da mahalarta suka ɗaura a ka sun nuna motsinsu ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari a duk lokacin da aka kunna, alhali ba su san ana yi ba. An buga sakamakon a mujallar Current Biology.

Daga titunan Kingston

Asalin al'adar daga Jamaika ne, kuma 'yan kasuwa ne suka fara ta. A ƙarshen shekarun 1940 talakan Kingston ba shi da kuɗin shiga otal-otal ɗin da makaɗa ke wasa, sai wasu masu shaguna suka fara fito da garmaho da manyan lasifiku waje domin jan masu saye. Tom Wong, mai shagon kayan gini, yana cikin na farko-farko. Duke Reid tsohon ɗan sanda ne mai sayar da barasa. Babban abokin gogayyarsa, Clement Dodd, wanda aka fi sani da Coxsone, yakan tafi Amurka ya sayo fayafayai, ya kankare sunan waƙa da na mawaƙi don kada abokin hamayya ya san inda zai samo irinsu. Mai tarin lasifiku da fayafayai da yaransa, duka a dunƙule, su ake kira sound system, kuma sukan kara da juna a fili guda. Wanda jama'a suka raja'a gare shi shi ne gwani, galibi kuwa mai ƙugin da ya fi nauyi da waƙar da babu mai ita sai shi ne ke lashewa.

Wannan gasar ce ta sa masu lasifikun suka shiga naɗar waƙoƙin kansu, daga nan ska da reggae suka samu gindin zama. Sai ga Osbourne Ruddock, wanda ake wa laƙabi da King Tubby, mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse. Shi da irin su Lee Perry suka ɗauki waƙar da aka riga aka gama, suka zare muryar mawaƙi, suka bar ganga da bes tsirara, suka zuba musu amsa-kuwwa. Abin da aka samu shi ne dub. Kundin King Tubby Meets Rockers Uptown na 1976, wanda ya yi da Augustus Pablo, har yau shi ake fara nuna wa mai son sanin salon. Muhimmancin abin shi ne, tun daga lokacin mai sarrafa na'ura ya zama makaɗi, ƙugi kuma ya tashi daga ɗan rakiya ya koma jagoran waƙa.

Ingila

Mutanen yankin Karibiyan da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya bayan 1948 sun tarar da gidajen rawa da dama ba sa maraba da baƙar fata. Sai suka ƙera nasu akwatunan da katako, suna casu a gidaje da zaurukan unguwa. Tun 1973 waɗannan lasifiku suke kafa sansani a bikin Notting Hill da ake yi a Landan duk watan Agusta. Jah Shaka, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da kwana yana kiɗa da garmaho guda ɗaya tak, jama'a na tsaye har asuba.

'Ya'ya da jikokin wannan zuri'a, tare da abokan tasowarsu Turawa, su suka haɗa ƙugin Jamaika da kwamfuta. A farkon shekarun 1990 jungle ya bayyana, ganga na gudu sama da bugu 160 a minti, bes kuwa na tafe a hankali a ƙarƙashi. Kundin Timeless na Goldie ya fito a 1995, New Forms na Roni Size da ƙungiyarsa ya ci kyautar Mercury a 1997. A tsakanin nan, a 1996, ƙungiyar Leftfield ta yi wasa a zauren Brixton Academy da ƙarfin da ya sa ƙura da ɓurɓushi suka riƙa zubowa daga rufi, labarin da masoya ke bayarwa da alfahari har yanzu, ko da yake likitan kunne da ya ji shi ba zai yi murmushi ba.

Dubstep ya taso a kudancin Landan a farkon shekarun 2000, a kewayen wani shagon fayafayai mai suna Big Apple da ke Croydon. Casun FWD a gidan rawa na Plastic People da na DMZ da aka fara a Brixton a 2005 su ne makarantunsa. Waɗanda suka halarta suna kwatanta ɗaki mai duhu, babu walƙiyar fitilu, babu wani dandamalin kallo, kowa ya sunkuyar da kai yana rausaya. Kiɗan na tafiya a kan bugu 140 a minti, amma an jera gangar yadda jiki zai ji kamar rabin haka ne. Mai kiɗa kan janye ƙugin na ɗan lokaci har zaure ya ƙagu, sannan ya sake shi gaba ɗaya, kuma wannan saukar ita ake jira. Idan jama'a suka yi sowa, sai ya tsayar da faifan ya mayar da shi farko, al'adar da aka gada kai tsaye daga Kingston. Baƙo kan ɗauka na'ura ce ta lalace, alhali babu yabon da ya kai wannan a wurin. Shirin da Mary Anne Hobbs ta gabatar a gidan rediyon BBC Radio 1 a Janairun 2006 shi ya fitar da salon ga duniya.

Da ya isa Amurka sai ya sauya kama. Skrillex, wanda ya ci kyautar Grammy uku a 2012, ya cika shi da sauti mai kaifi da ƙaraji. Masoyan farko sun yi ta ƙorafi, amma akwai dalilin kasuwa a ciki: sauti mai kaifi yana fita a waya da kwamfuta, don haka ya isa ga miliyoyin da ba su taɓa tsayawa gaban akwati ba.

Nan ne matsalar kundin waƙoƙi take a wannan fanni. Yawancin waƙoƙin an yi su ne domin dare guda da zaure guda, shi ya sa faifai mai waƙa ɗaya ko biyu ya fi kundi daraja a wurin makaɗan. A kan faifan garmaho ma ƙugi na cin wuri, yawan waƙoƙi na rage masa ƙarfi. Kundayen da suka yi ƙarko su ne waɗanda suka haƙura da kwaikwayon zaure suka nemi wani abu dabam. Untrue na Burial, na 2007, misali ne: kiɗa ne mai sanyi da kewa, wanda ya fi dacewa da mai komawa gida shi kaɗai bayan an watse.

Mai sauraro a Najeriya ya san dangin wannan amo ta hanyar amapiano, wanda ya taso a unguwannin Johannesburg da Pretoria a shekarun 2010, ya kuma mamaye waƙoƙin irin su Asake. Gangar kwamfutar da ke dirka a cikinsa aikin bes take yi.

Kuɗin da kunne ke biya

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar dodon-koɗi, ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi kusan 16,000. Su ke mayar da girgiza saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani na kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ƙarin desibel 3 kacal na ninka ƙarfin, ya raba lokacin da kunne zai jure gida biyu. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4. A desibel 100, wanda gidajen rawa ke kaiwa har su wuce, kason mako guda bai kai rabin awa ba.

Hukumar ta ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren kiɗa. A watan Maris na 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren casu: matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 idan an auna na minti 15, a riƙa aunawa, a tanadar wa jama'a abin toshe kunne, a ware musu wurin da za su huta. Ƙa'idar ta shafi zauren biki a Kano ko Kaduna kamar yadda ta shafi na Landan, musamman inda ake zaunar da yara a gindin lasifika.

Alamar farko ita ce ƙara mai kama da kukan gyare da kunne ke yi bayan an fito, ko jin kamar an cusa auduga. Yakan lafa washegari, amma maimaituwa na iya mayar da shi na dindindin. Illar kan fara ne daga sauti mai siriri, inda haruffa irin su s da sh da f suke, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma kalmomin na kuɓuce masa a hayaniyar kasuwa ko ɗakin taro, ya ɗauka mutane ne ba sa buɗe baki.

Tsofaffin masoyan wannan kiɗa da dama ba sa fita sai da abin toshe kunne a aljihu. Yana rage kaifin sama fiye da yadda yake rage ƙugi, girgizar da ƙirji ke ji kuwa ba ta kunne take bi ba, don haka abin da ya kai mutum wurin yana nan. Ja da baya daga bakin akwati da fita shan iska lokaci-lokaci su ma suna rage kason da kunne ke ɗauka a dare guda.