Tarihin Lamba 2,147,483,647

2,147,483,647 lamba ce mara rabuwa, wato babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ana samun ta idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su, sannan aka cire 1. Ita ce ta takwas a jerin lambobin Mersenne marasa rabuwa, wato waɗanda ake samu ta wannan hanya.

Littattafai sun sha bamban kan wanda ya gano ta. Pietro Cataldi na Italiya ya ambace ta a 1588, amma a tare da ita ya lissafa waɗanda ake samu da 2 guda 23 da 29 da 37, dukkansu kuwa suna rabuwa; na 23 ma 47 ke raba shi. Marin Mersenne na Faransa ya sa ta a jerinsa na 1644 ba tare da hujja ba. Faɗa daban, tabbatarwa daban, shi ya sa shekarar da ta cancanci a riƙe ita ce 1772, lokacin da Leonhard Euler ya bayyana hujjarsa a wata wasiƙa zuwa ga Bernoulli, duk da wasu na rubuta 1750.

Aikin Euler ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙa'ida sai an gwada raba lambar da kowace mara rabuwa har zuwa wajen 46,340, dubbai ke nan. Euler ya nuna cewa duk mara rabuwar da za ta iya raba ta, dole in an raba ta da 248 saura ya zama 1 ko 63. Da wannan rariya gwajin ya dawo bai wuce 372 ba, kuma babu wadda ta shiga. Ya yi wannan a Saint Petersburg ta Rasha, ganinsa ya riga ya kusa ƙarewa. Daga nan aka tabbatar da cikakkiyar lamba ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ke dawo da ita daidai. A 1811 Peter Barlow na Ingila ya yi hasashen ba wanda zai nemi wadda ta fi ta.

Yaushe aka samo mara rabuwar da ta fi 2,147,483,647 girma? Nan ma akwai saɓani. Thomas Clausen ya kawo 67,280,421,310,721 a 1855, sai dai bai bar hujja ba, don haka 1867 ta fi inganci, shekarar da Fortuné Landry ya tabbatar da 3,203,431,780,337. A 1876 Édouard Lucas ya kai ga mai alƙaluma 39.

A zamanin kwamfuta ita ce iyakar abin da ma'ajiya mai bit 32 ke ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar ragi. Agogon Unix mai wannan tsari, da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038.