Kiyaye Lafiya Wajen Tsabtace Gida Bayan Ambaliyar Ruwa: Bayani ga Al'ummar Bagwai

Ƙaramar Hukumar Bagwai yanki ne na manoma a arewacin Jihar Kano, inda kogin Watari da madatsar ruwansa suke. Akasarin gidaje ginin ƙasa ne, kuma a gida ɗaya akan sami rijiya da masai da turken dabbobi da rumbu kusa da juna. Idan ruwa ya shiga gida a tsakiyar damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, yakan gauraya waɗannan duka. Saboda haka janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi shafa.

Kafin a shiga gida

Bangon ƙasa da ya sha ruwa yakan faɗi ko bayan kwanaki da ɗaukewar ruwan sama. A duba gindin bango da azara da rana tsaka, daga waje. Idan an ga tsagewa ko bango ya karkata, kada kowa ya shiga ko ya kwana a ɗakin sai magini ya duba. Inda akwai lantarki, a kashe shi daga babban makunni, amma kada a taɓa makunnin ana tsaye cikin ruwa. Macizai irin su kububuwa da kasa, da kuma kunamu, sukan fake a cikin kara da tarin itace da ƙarƙashin tabarma. A ɗaga kaya da sanda, ba da hannu ba.

Wanda zai yi aikin

Ya sa takalmin roba mai tsawo da safar hannu ta roba, ya rufe hanci da baki. Yara da masu juna biyu da masu ciwon asma su nisanci wurin. Duk wanda ƙusa ko tsohon kwano ya yanka, ya wanke ciwon da sabulu nan take, ya je asibiti domin allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

Yadda ake tsabtacewa

1. A kwashe laka da shebur, a kai ta nesa da rijiya.
2. A wanke daɓen siminti da ƙofofi da kwanuka da ruwa da sabulu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan laka.
3. A haɗa bilic da ruwa. Irin su JIK masu ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, mudu ɗaya na maganin ake zubawa a mudu 16 na ruwa, da ma'auni iri ɗaya. A shafa, a bar shi minti 10, sannan a ɗauraye kwanukan abinci da ruwa mai tsabta.
4. Daɓen ƙasa a kankare samansa, a bar shi ya bushe, sannan a yi sabon daɓe.
5. A buɗe ƙofofi da tagogi, a shanya tufafi da tabarmi a rana bayan wanki. Katifar soso da ta sha ruwan masai a rabu da ita.

Kada a haɗa bilic da wani sinadari, ko maganin wankin bayan gida ko takin zamani irin su yuriya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Haka kuma kada a kunna janareta ko a hura gawayi a rufaffen ɗaki da nufin busar da shi. Hayaƙinsu yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Ruwan sha da abinci

Duk rijiyar da ambaliya ta shiga, a ɗauke ta a matsayin gurɓatacciya ko da ruwanta ya yi garau. A sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma domin a yashe ta a zuba mata sinadarin kulorin. Kada wanda ba sana'arsa ba ce ya shiga rijiya ko ramin masai, saboda gurɓatacciyar iska da ruftawar ƙasa. Kafin a gyara rijiyar, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, a ajiye shi a wankakkiyar randa mai murfi.

Hatsin da ruwan ya jiƙa kada a ci. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Dabbobi ma kada a ba su. Mushe a binne shi da zurfi nesa da rijiya. Kwalaben maganin feshi da suka fashe a tattara su da safar hannu, kada a zubar a kwata.

Idan wani ya kamu

Da zarar an ga gudawa mai ruwa-ruwa, a fara ba da ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a garzaya asibiti mafi kusa. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi, a kai shi asibiti.

Rushewar gidaje da asarar dukiya a sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai rahoto ga ƙaramar hukuma da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kano. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.