Abin lura kafin sayen zarton lantarki mai bin dogo

Falankin filawud da na MDF da ake sayarwa a kasuwannin katako yawanci ƙafa 4 ne a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, wato milimita 1,220 da 2,440. Yanka ɗaya da ya karkace ko ya tsattsage fuskar falanki na iya jawo asarar falankin gaba ɗaya. Wannan ce matsalar da zarto mai bin dogo yake magancewa.

Zarton yana tafiya ne a kan dogon alminiyom da ake shimfiɗawa bisa falankin. Gefen dogon na da roba da ke danne katako daidai wurin yanka, don kada ya tsattsage. Ana kuma iya nutsa faifan a tsakiyar falanki, ba sai daga baki ba.

Zurfin yanka: Festool TS 55 da Makita SP6000 suna yanka kusan milimita 55, abin da ya wadatar ga falankin milimita 18, ko da an ɗora biyu.

Tsawon dogo: Dogon mita 1.4 ya isa yanka a faɗi kawai. Yanka a tsawo sai dogon kusan mita 3, ko biyu da aka haɗa. Ba kowane dogo ke karɓar kowane zarto ba: na Makita da na Festool suna shiga juna, amma ƙirar DeWalt daban take.

Faifai: Mai haƙora 48 ya fi dacewa da filawud. Mai ƙarancin haƙora ya fi sauri, sai dai yana barin kaushi. A tabbatar ana samun irin faifan a kasuwa kafin a biya kuɗi.

Wutar lantarki: Najeriya na amfani da bolt 230, Amurka kuwa 120. Zarton gwanjo da aka ƙera don Amurka zai ƙone idan aka jona shi kai tsaye, saboda haka a karanta lambar da ke jikinsa. Injin na cin wat 1,200 zuwa 1,300, kuma yana jan fiye da haka yayin tashi, don haka ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba.

Ƙura: Ƙurar MDF na cutar da huhu. A zaɓi zarto mai bakin haɗa injin zuƙar ƙura, a kuma rufe hanci da baki.

Wanda aikinsa yankan ƙananan katako ne iri ɗaya da yawa, zarton tebur ya fi masa. Mai haɗa kabad da kantoci daga manyan falankai, musamman a gidan mai aiki, shi ne zai ci moriyar kuɗinsa.