Fostar fim ɗin ban tsoro: asalinta da yadda ɗalibai ke tsara ta

Fosta, wadda ake kira "affiche" da Faransanci, ita ce takardar da ke tallata fim kafin a haska shi. Ga ɗaliban silima, sau da yawa ita ce tallar da aljihunsu zai iya ɗauka.

A Ghana, cikin shekarun 1980 da 1990, masu zane sun riƙa zana fostocin finafinan tsoro da fenti a kan buhunan fulawa domin gidajen bidiyo. A Kano, inda fim ɗin "Turmin Danya" ya buɗe kasuwar bidiyon Hausa a 1990, fosta ta zama abokiyar tafiyar kaset.

Fosta tana ɗauke da sunan fim, hoto guda mai jan ido, sunayen 'yan wasa da darakta, sai rana da wurin haskawa. A fim ɗin tsoro an fi amfani da baƙi da ja. Ana nuna inuwa ko ƙofa a buɗe, a ɓoye dodon, domin mai kallo ya yi marmarin ganin sauran.

Takardar A3, mai santimita 29,7 da 42, ta isa liƙawa a kasuwa ko tasha. A garuruwa irin su Bader Goula ta gundumar Dakoro kuwa, hoton ya fi yawo ta WhatsApp, saboda haka sai rubutun ya karantu a fuskar salula. Tunda yara ma na ganin bango, a guji jini da gawa, a kuma rubuta shekarun da suka dace da kallo.