Yadda ake faɗin "da a ce" a harshen Ingilishi

A Hausa, bambancin abin da zai iya faruwa da abin da ake mafarki kawai yana cikin kalma ɗaya. Wanda ya ce "idan na samu kuɗi, zan sayi mota" yana sa rai. Wanda kuwa ya ce "da ina da kuɗi, da na sayi mota" ya nuna cewa aljihunsa wayam yake. Ingilishi ba shi da waɗannan kalmomi biyu. Kalmar "if" ce ke aikin "idan" da "da" gaba ɗaya, don haka sai a duba siffar fi'ili kafin a gane nufin mai magana.

Ƙa'idar ita ce, fi'ilin da ke bayan "if" yana ɗaukar siffar shuɗaɗɗen lokaci, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauki "would": "If I had money, I would buy a car." A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa, domin "had" ba ya nufin jiya ko bara. Yana nuna cewa maganar ta yi nesa da gaskiyar yau.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar, Chadi ko Kamaru, tsarin ba baƙo ba ne: "Si j'avais de l'argent, j'achèterais une voiture." Har kuskuren ma iri ɗaya ne. Kamar yadda malami ke jan layi a ƙarƙashin "si j'aurais", haka ake gyara "if I would have money" a jarrabawa.

Abin bai tsaya a aji ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke ciniki da wani a Accra, in ya rubuta "If you reduce the price, I will buy", kusan ya ɗauki alkawari ke nan. In ya rubuta "If you reduced the price, I would buy", taɓa ruwa kawai yake yi, yana da damar janyewa.

Akwai kuma wurin da Ingilishi ya fi Hausa rarrabewa. "Da" ta wadatar ko ana maganar yanzu ko abin da ya riga ya wuce, amma Ingilishi yana ware wa nadama siffarta: "If I had known, I would have come", wato "da na sani, da na zo". Wannan ta abin da ba ya gyaruwa ce.

Fi'ilin "be" yana da ɗan nasa hali. A rubutu na hukuma ana sa "were" ko da mutum ɗaya ake nufi, musamman wajen ba da shawara: "If I were you", wato "da ni ne kai". A hirar yau da kullum ana jin "was" sosai a Ingila da Amurka, sai dai a takardar jarrabawa "were" ta fi kwanciyar hankali.