Pauline Kergomard da haƙƙin yaro na wasa

A shekarar 1826 aka buɗe gidan tsaron yara na farko a birnin Paris, wanda Faransawa suka kira salle d'asile, domin matan da ke fita aikin ƙwadago su sami inda za su bar ƴaƴansu. Ba a daɗe ba waɗannan gidaje suka zama tamkar bariki: akan jera yara fiye da ɗari bisa benci mai hawa-hawa, suna maimaita hadda, suna tashi suna zama idan an buga katako.

Pauline Kergomard, wadda aka haifa a Bordeaux a 1838, ta karɓi aikin sa ido kan gidajen a 1879. A 1881 gwamnati ta sauya musu suna zuwa école maternelle, ita kuma ta riƙe muƙamin babbar sufeto har 1917. A tsawon shekarun nan ta yaƙi tilasta wa ƙananan yara karatu da rubutu tun ba su isa ba. Ta nemi kujeru daidai tsayinsu, da tsabta, da abinci, da filin guje-guje, domin a ganinta wasa shi ne aikin yaro.

Nijar ta gaji tsarin makarantar Faransa, kuma dokar ilimi ta 1998 ta sanya karatun share fage cikin ilimin tushe. Saboda haka gardamar Kergomard ta shafi malaman Maraɗi da Damagaram: duk ajin da ya hana ɗan shekara 4 wasa don ya haddace baƙaƙe, ya koma bencin da ta yi shekara 38 tana yaƙa.